Likita Na Amsawa: Folda Ta Koma Kwamfuta, Ina Bayananmu?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekara tara ke nan ina zuwa asibiti ɗaya saboda hawan jini da ciwon suga. Watan jiya aka ce an daina aiki da folda, komai ya koma kwamfuta, aka ba ni sabuwar lamba. To tsofaffin bayanaina sun tafi ke nan? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ba su tafi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora wa shugaban kowane asibiti alhakin buɗe wa majinyaci kundin bayanai da adana shi. Akan ɗauki hoton takardun folda shafi-shafi, a ajiye ƙarƙashin sabuwar lambarki, ita kuma foldar a kai ta ma'ajiya.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Hoton takarda hoto ne kawai, kwamfuta ba ta san abin da ke cikinsa ba. In wani magani ba ya karɓar ki, ba za ta gargaɗi likita ba sai an rubuta mata sunansa a gurbinsa. Na taɓa ganin folda da aka rubuta "penisilin" da jan biro a bangonta, mai ɗaukar hoto ya ɗauki ciki ya bar bango. Allah ya sa matar ta buɗe baki kafin a yi mata allura. Har yau abin yana raina.

Saboda haka ranar zuwanki na gaba, ki zuba duk magungunanki a leda, ki haɗa da tsohon kati da sakamakon gwajin ƙoda ko na suga da ke hannunki. Ki ce wa likita ya karanto miki abin da ke kan allo, inda aka yi kuskure a gyara a gabanki. Lambar nan kuma ki riƙe ta da kyau. In ta ɓata a nemo ta da sunanki da lambar wayarki, kada a buɗe sabuwa, don tarihinki zai rabu biyu. Kuma don Allah a daina aron kati. Ƙanwa ta zo awo da katin yayarta, sai rukunin jinin wata ya hau kan sunan wata.

Tambaya: Likita, wani ɗan unguwarmu yana aiki a ɗakin kati. Zai iya ganin sakamakon gwajina? Daga wani magidanci a Gombe.

Amsa: Malam, damuwarka na kan hanya. Waccan doka ta 2014 ta haramta fitar da sirrin majinyaci sai da rubutaccen izininsa, ko umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. A tsari mai kyau kowane ma'aikaci na da lambar sirrinsa, mai ba da kati suna da adireshi kawai zai gani, kuma na'ura na rubuta wanda ya buɗe fayil da lokacin da ya buɗe. Folda ba ta taɓa faɗin wanda ya leƙa ta ba. Ɓarakar daga gare mu ma'aikata take, in mutum biyar suna aiki da lambar sirri ɗaya. In ka ji maganarka a waje, ka kai wa shugaban asibitin ƙara a rubuce, ka nemi a duba waɗanda suka buɗe fayil ɗinka.

Tambaya: In an ɗauke wuta ko netwok ya tsaya fa? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

Amsa: Yana faruwa, 'yata, har a ƙasashen da suka ci gaba. A watan Mayu 2017 harin 'yan kutse ya tsayar da kwamfutocin asibitoci da dama a Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000. Dole asibiti ya tanadi sola ko janareto, da takardun wucin gadi da za a shigar in an dawo, da kwafin bayanai a wani gari daban. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 ta shiga har asibitin koyarwa, kuma ruwa ba ya barin takarda ko na'ura. In larurar ta gaggawa ce, doka ta hana a juya ki, ko da netwok ko babu.