Amsa ga mai neman masu labarin zane a Kano

Wa'alaikumus salam. Ƙanina, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na bari ne sai na samu natsuwa. Ka ce ka gama bautar ƙasa a Legas, ka halarci Lagos Comic Con, taron masu labarin zane, ka dawo gida da zumuɗi, kana son sanin ko akwai masu labarin zane a Kano, kuma in ka kama zaure ka shirya irin wancan taro ko zai karɓu.

Masu zane kam akwai su, har sun fi yadda kake zato. Sai dai kowa yana ɗakinsa. Wani yana yi wa marubuta bangon littafi, wani yana haɗa fastar fim da ta 'yan siyasa, wani yana zana fuskar amarya da ango da fensir a biya shi. Masu kallo kuma ba a magana. Je Farm Centre ka tsaya wajen masu tura finafinai a waya, ka ji sau nawa yara za su tambayi katun ɗin Japan kafin la'asar. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne labarin da aka fara aka kai ƙarshensa. Kusan duk wanda na sani yana da jarumi, ya raɗa masa suna, ya ɗinka masa kaya, ya zana shi a tsaye da takobi sau hamsin, amma ka ce ya nuna maka shafi goma a jere, sai ya ce yana nan tafe.

Shi ya sa nake ganin taron nan ka jinkirta shi. Na Legas da ka gani ba daga sama ya faɗo ba. Ayodele Elegba ya fara shi a 2012, Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a 2013 yana sakin labarai kyauta a intanet, kuma kafin su duka Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super tun 1976. Wato mutanen can sun daɗe da sabawa da sayen takarda mai zane. Ranar taro kowane teburi akwai abin ɗorawa. Mu in ka kama zaure yau, me za mu baje?

Mun taɓa gwadawa, ƙarami. Mu goma sha huɗu a shagon wani abokinmu a titin gidan zoo, ranar Asabar bayan azahar, aka ɗauke wuta muka fito da benci waje. Wani yaro ɗan sakandare ya buɗe littafinsa, wallahi in ka ga yadda yake zana jaruman Japan sai ka rantse can aka haife shi: gashi tsaye, ido kamar faranti, inuwa daidai. Na miƙa masa farar takarda na ce ya zana mini dattijo da babbar riga yana sauka daga adaidaita sahu. Ya yi ta juya fensir. Rigar ta fito kamar an kifa wa mutum buhu, bai san inda hannunta yake naɗewa a kafaɗa ba, alhali kullum yana ganin ta jikin mahaifinsa. Ba dariya muka yi masa ba, don duk cikinmu mutum biyu ne suka iya naɗa rawani a takarda.

Wannan ya fi komai damuna. Roye Okupe, marubucin labarin zane ɗan Najeriya, daga can Amurka, ya gina labarin Malika a kan tarihin Sarauniya Amina, har ya kira masarautar Azzaz. Mu da muke kwana muna tashi a gindin Dala, ga Barbushe da Tsumburbura, ga Bagauda, ga Muhammadu Rumfa da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 aka kafa Kasuwar Kurmi a zamaninsa, ga Gizo da Ƙoƙi da kowace kaka ta haddace, amma muna ta kwafar birnin da ba mu taɓa takawa ba. Ɗauki littafin zanenka ka shiga Gidan Makama ka wuni. Ka je marinar Ƙofar Mata ka kalli yadda mai rini yake durƙusawa a bakin rami. Hannunka zai canza.

Maganar shigar jarumai da ka gani ana yi a can, wato mutum ya sa kaya irin na jarumin labari ya zo taro, a nan sai da lura. Kayan da suka matse jiki ko suka bayyana tsiraici ba za su wuce ba, iyaye ba za su bar 'ya'yansu su zo ba, kai ma ka sani. Kuma ni dariya take ba ni in ga muna sha'awar sulken roba, mu da ke da 'yan lifida da 'yan sulke da dogarai masu ja da kore a hawan Sallah, hawan da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Haka batun zanen abu mai rai: za a tambaye ka, a gida ma za a tambaye ka. Malamai sun yi bayani, akwai saɓani a wasu ɓangarorin. Je ka zauna da malaminka tun yanzu, kada ka tsaya musu da mutane a Facebook.

Bari in ba ka labarin bugu, don nan na sha wuya. Na gama labarina na farko, shafi 24, baƙi da fari, bango kawai mai kala. Na kai wata maɗaba'a a Sabon Gari, na biya kuɗin kwafi 200, ban nemi a fitar mini da gwaji ko ɗaya ba saboda ɗoki. Ranar karɓa na buɗe a bakin shagon, sai na ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ɗan akwati. Kwamfutarsu ba ta da irin rubutun da na yi amfani da shi. Jarumina yana ihu yana cewa a buɗe ƙofa, ga akwati a tsakiyar buɗe, ga wani a farkon ƙofa. Wajen yanka kuma wuƙa ta cinye maganar da ke gefen shafi uku. Na zauna da baƙin biro dare biyu ina gyara ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, ƙanwata tana taya ni tana dariya. Don haka ka mayar da rubutunka hoto kafin ka kai, ka bar fili a gefe, kuma kada ka cika kuɗi sai ka riƙe kwafi ɗaya a hannu ka karanta shi tun daga bango. In na sayarwa ne a kasuwa, ka bi ta Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jiha, littattafai ma suna ƙarƙashinta.

Cikin 200 ɗin nan, abokaina masu kirarin son katun ba su sayi ashirin ba, aro suke nema. Mata ne suka kwashe yawanci, ta hannun wata marubuciyar littattafan soyayya da ta tallata mini a zaurenta na WhatsApp. A nan na gane inda kasuwar take. Marubutan nan tun shekarun 1980 suke buga littafi da kuɗinsu suna kaiwa kasuwa, yanzu kuma sun koma waya, suna sakin shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya biya a sa shi a zaure. Sun san mai karatu, sun iya tsayar da labari inda zai hana barci, abin da mu masu zane ba mu iya ba. Nemi ɗaya daga cikinsu ku haɗa hannu, ita labari kai zane, ku yi yarjejeniyar rabon kuɗi a rubuce tun kafin ka ɗora fensir. Ka riƙa tsara shafin a tsaye yadda zai karantu a fuskar waya, rubutu manya, kada nauyinsa ya cinye wa mutane data.

Kuɗin kama zauren taron ka adana su. Ka gama shafi 12 da Hausa, labari mai farko da ƙarshe, ko na Gizo ne. Muna nan muna haɗuwa Asabar ɗin ƙarshen wata, yanzu mun kai mu ashirin da wani abu, har da 'yan mata uku da yayyensu ke rakowa, kuma ɗaya daga cikinsu ta fi mu duka iya zana hannu. Yi mini magana ta akwatin saƙo in kwatanta maka wurin. Ka taho da fensirinka da abin da ka zana, ko bai kammala ba. Yaron nan mai babbar riga ma yana zuwa, yanzu har aska takwas yake fitarwa a wuyanta.