Kafin ka yi odar kayan ɗaure injin E36 325i

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce motarka BMW E36 325i ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, za ka sauke injin, kuma tunda dai za a buɗe shi kana so ka zuba fistin da kwanrod (sandar da ke haɗa fistin da karanshaf) masu ƙarfi ka ɗora turbo don wasan dirif, wato wasan zamiya da mota a kwana. Tambayarka ita ce wane kaya za ka fara saya. Ni a nawa ganin, kada ka fitar da ko sisi sai an kwance injin an auna shi. Na daɗe ina ɗaure irin injin nan, kuma yawancin waɗanda aka kawo mini a mace ba rashin kaya masu tsada ne ya kashe su ba, rashin awo ne da zafi.

Da farko ka tantance wane M50 ne a hannunka, wato injin da 325i ke zuwa da shi, domin iri biyu ne. Akwai na farko marar VANOS, na'urar BMW da ke sauya lokacin buɗe bawul, akwai kuma wanda BMW ta fara fitarwa a 1992 mai VANOS. Dukansu lita 2.5 ne, faɗin silinda milimita 84, ƙarfin doki 192, amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Kwanrod ɗin na farko milimita 135 ne, na mai VANOS 140, don haka fistin ɗin wannan ba ya hawa na wancan. Matsin silinda, wato kwamfireshan, na farko 10 ne, na biyu 10.5. In ka yi oda daga waje ba ka san wannan ba, kayan za su iso su zauna a kwali. Ka kuma tabbata bulok ɗinka na baƙin ƙarfe ne. Wasu motocin an riga an musanya musu inji da M52 na Turai mai bulok ɗin alminiyam, shi kuwa idan ya taɓa yin zafi sosai zaren kusoshin kan silinda kan zame, ga kuma rufin Nikasil na cikin silindar waɗanda aka ƙera kafin 1998 da fetur mai yawan sulfa ke cinyewa. Maganaɗisu kawai za ka manna a jikinsa ka gane.

Sai maganar awo, kuma nan ne nake so ka kashe lokacinka. Fistin da aka ƙera da duka, wanda ake kira fojd, ya fi na kamfani kumbura idan ya ji zafi, shi ya sa kowane saiti ke zuwa da takardar da ta faɗi tazarar da za a bari tsakaninsa da silinda. Ka kai wa mai borin fistin ɗin da takardar tare, ya auna kowanne ya fafe raminsa daidai da shi. Idan ya ce maka shi ido da hannu sun ishe shi, bai da maikiromita, ɗauki bulok ɗinka ka yi gaba. Ringi ma haka: injin turbo na son bakin ringi ya fi buɗewa, ana goge shi ɗaya bayan ɗaya a cikin silindarsa. In bakin ya yi kaɗan, da zafi ya hau sai ya haɗe ya tsinke kan fistin. Metal ɗin karanshaf da na kwanrod kuwa a auna tazararsu, ko da Plastigauge ne, zaren robar nan na awon tazara. A bar ɗabi'ar nan ta ɗaurewa a juya da hannu a ce ya yi laushi.

Akwai wani ɗan noti da ke riƙe da giyar famfon mai a injin nan, zarensa na hagu ne, kuma ya shahara wajen kwancewa idan ana yawan kai inji ƙarshen wuta, wanda shi ne aikin mai dirif. Ya kwance, mai ya tsaya, inji ya buga. A ɗaure shi da waya ko a ɗiga masa walda. Ka sa shinge a cikin kaskon mai kuma, saboda idan mota ta daɗe a karkace man na gudu gefe guda famfo ya ja iska. Kusoshin kan silinda na kamfani sau ɗaya ake ɗaure su, Nm 30 sannan digiri 90 sau biyu, ba a mayar da tsofaffi. Tunda turbo za ka sa, nemi na kamfanin ARP da gasket na ƙarfe mai hawa-hawa, amma sai an goge fuskar bulok da ta kan silinda sun yi sumul, in ba haka ba zai yi yoyo.

Ruwa fa, kada ka yi masa rowa. Famfon ruwa mai farfelar roba, gidan tamostat na roba, wuyan lagireto, duk sun tsufa, ka canza su gaba ɗaya. Mota ce da aka ƙera don sanyin Jamus, kai kuma za ka murza ta a zafin Afrilu. Kuma don Allah kada bakanike ya cire maka tamostat da sunan maganin zafi.

Ƙarfin doki nawa kake nema? Idan ɗan ƙari ne a kan na kamfani, da matsakaicin bus, wato matsin iskar da turbo ke turawa, gindin injin nan lafiyayye na ɗauka, kuɗin fojd ɗin gara ya tafi ga nozul manya, famfon fetur, intakula mai sanyaya iskar turbo, kuloci da mai saita kwamfutar inji wanda ya san aikinsa. Fetur ɗin da muke sha a nan ba mai lambar okten 98 na Turai ba ne, kuma na wannan gidan mai ba ya zama ɗaya da na wancan. Saboda haka in za ka sayi fistin, ɗauki mai matsi 8.5 zuwa 9, a kuma ja taimin baya kaɗan. Marar VANOS ba shi da na'urar jin ƙwanƙwasa, in wuta ta fara tashi kafin lokaci ba abin da zai kare shi.

Bayan an ɗaure, fara da baƙin mai na gargajiya, ba sintetik ba, kada ka bar shi yana silo na tsawon lokaci, ka riƙa hawa da sauka a hanya ba tare da bus ba, ka zubar da man farko da wuri ka yanka filta ka duba ko akwai garin ƙarfe. Ka leƙa ƙasan motar ta baya ma, inda gadon aksul ke ɗaure, E36 na tsagewa a wurin. Idan an kwance, turo lambar injin da awon silinda shida da na karanshaf, sai mu ga ko za a fafe silinda zuwa milimita 84.5 ko goge kawai ya isa.