Amsar Kawu a kan takardar gadon da aka tsinta a adaka

Assalamu alaikum. To ɗana, na ga hoton takardar da ka turo, wadda ka ce an tsinta a adakar marigayi, kana cigiyar mai karantawa. Ni na san ba karatun ne ya dame ka ba, so kake ka ji ko gonar fadama tana ciki. To ka saurara.

Hoton nan bai karantuwa. A karkace ka ɗauka, kuma wurin ninkin ya cinye layi biyu. Ka shimfiɗa ta a kan tabarma da hantsi, ka ɗauki gaba da baya har da gefe, don a gefe ake yawan maƙala sunayen shaidu. Kuma kada wanda ya sa mata gam.

Sannan don Allah kada ku miƙa wa yaran nan 'yan Islamiyya wai ai sun iya Larabci. Rubutun malaman zaure ne, irin na allo. Harafin fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, to wanda ya saba da bugun Madina duk ƙaf ɗin da ya gani fa zai karanta. Ga shi mai rubutun yakan fara da Larabci, in ya zo kan sunan gona ko iyaka sai ya koma ajami, ka ji "daga kuka zuwa tsohuwar rijiya". Lambobin ma, biyar ɗinsu kamar sifili take, sifilin kuma ɗigo ne kawai. Tawada ta ɗan koɗe, fam 50 ya koma fam 5. Kuma fam ne fa, da sule, tunda naira sai 1973 ta zo, fam ɗaya naira biyu.

In kun ga tumuni, ɗaya cikin takwas ke nan, na matan mamaci tunda ya bar 'ya'ya, kuma su duka za su raba shi, ba kowacce da nata ba. Ushira kuwa ba rabon kowa ba ce, ɗaya cikin goma ce da ake cirewa a kotun alƙali zamanin En'e. Wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. To, wannan ku bar wa masana fara'ili, wato ilimin rabon gado, ba shi ne damuwata ba.

Damuwata jingina. Ku nemo mini ko rahanu aka rubuta ko bai'i, wato jingina ko sayarwa. A nan aka yanka mu a gonar Baba ta bayan gari! Jingina ya bayar shekarar fari, kowa a unguwa ya sani, aka kai takarda wurin wani mai gaggawa ya ce sayarwa ce, yayyenmu suka naɗe hannu. Da muka farga muka je kotu, shaidun duk sun rasu, mutanen suka tsaya a kan hauzi, wai sun shekara da shekaru suna nomawa ba wanda ya yi magana. Gona mai mangwaro har da rijiya. Har yau in na bi ta hanyar nan kawar da kai nake yi, kuma wanda ya yi karatun ko haƙuri bai taɓa ba mu ba, wallahi ko gaisuwar mutuwar Baba... kai, bar wannan.

Me nake cewa? Yawwa. A samu tsohon muhuti ko wanda ya yi magatakarda a kotun alƙali, ya karanta a gabanku, wani na rubutawa da boko. A sake kai wa wani malamin daban, kada a gaya masa abin da na farko ya ce. Kwafi za a kai, a'a, dakata, su ga asalin saboda hatimin, amma a hannunka, kada ta kwana a gidan kowa. In ta kama a nemi rajistar shari'ar, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna. Ka fara sake turo hoton tukuna.