Tambayoyinku: Ina zan kai baƙuwata a cikin Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min, ƙanwar maigidana ce za ta zo daga Jos ta yi mana Asabar da Lahadi, ita mai son zane-zane ce da kayan tarihi, ta ce in kai ta gidan adana kayan fasaha kuma tana so ta ci abincin Kanawa na asali. Ni kuwa wallahi a Kano aka haife ni amma banda Kwari da gidan biki ba inda na sani. Ina zan fara? Daga wata mai karatu a Hotoro.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, da yawanmu haka muke, kullum muna wuce wuraren nan a adaidaita sahu ba mu taɓa leƙawa ba.

Abu na farko ki gaya mata kar ta sa ran ganin hotunan fenti jere a bango, mu fasaharmu a jikin gini take da rini da dukanci. Ranar Asabar ku fita da wuri kafin rana ta buɗe, ku fara da Gidan Makama nan daura da gidan Sarki. A nan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ya zauna kafin a gina Gidan Rumfa, wato gidan Sarkin, shi ne ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Za a nuna muku tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari da kayan yaƙi da hotunan zuwan Turawa a 1903, amma ni abin da nake roƙonki shi ne ku ɗaga kai sama ku kalli rufin, yadda aka jera azara aka ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasar ginin da ke riƙe rufin, da ƙasa, ga sanyi a ɗakin kamar an kunna esi alhali waje zafi ake. Na fi minti goma a tsaye a soro ɗaya ranar da na fara lura da shi.

Daga nan sai marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take. Ki bar ta ta tsaya ta ga yadda ake tsoma yadi a ruwan baba a ɗago, ya fito kore-kore iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idonki, hannun marinin nan ya rine har gwiwar hannu. Ku sayi ko da ɗankwali ɗaya ne, kuma ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto, sana'arsu suke ba wasa ba. In da sauran ƙarfi ku shiga Kurmi wajen dukawa.

Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa ya zauna, shi ma ya cancanci zuwa, sai dai ofishin gwamnati ne, ki aika a tambayo ko za a buɗe muku a ƙarshen mako. Lahadi da yamma ku hau Dala ku ga gari.

Batun abinci kuwa dan Allah kar ki kai ta wajen shawarma, akwai ta a Jos. Ki nemo gurasa mai zafi ta tanderu daga Jakara a yi mata bandashe, a yayyafa ruwa ta yi laushi a barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji a zuba man gyaɗa da albasa da tumatir. Da safe koko da ƙosai ko waina da miyar taushe, da rana ɗanwake da mai da yaji, wannan ma ke ki yi mata a gida ya fi. Tsarabar komawa kuma kilishin Agadasawa, ki ce a ba ku ku ɗanɗana tukuna dan wani yajinsa ya yi yawa.

Ku sa takalmi mara tsini, lungunan Kurmi ba sa son mai tsini, ku riƙe ruwa da 'yan canji a jaka.