Gudwil a Lissafin Kamfanonin Ƙera Cif: Amsa ga Wani Ɗan Kasuwar Sakkwato

Wani ɗan kasuwa mai sayar da wayoyi a Babbar Kasuwar Sakkwato ya aiko da tambaya. Yana son sayen hannun jarin AMD, kamfanin Amurka mai tsara cif na kwamfuta, amma da ɗansa ya buɗe masa takardar kadarori da basussukan kamfanin sai suka ga wani layi mai suna gudwil ɗauke da fiye da dala biliyan 24, kuma yana so ya san ko wannan dukiya ce ta haƙiƙa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gudwil rarar kuɗi ce da kamfani ya biya sa'ad da ya sayi wani kamfani, bayan an ƙiyasta duk abin da za a iya nunawa, kamar gine-gine da injuna da fasahar da aka yi wa rajista, an kuma cire bashi. Ka san yadda ake cinikin shago: kayan ciki na naira miliyan 10 ne, amma mai shi ya kafe a kan miliyan 15 domin masu saye sun saba da ƙofarsa. Wannan miliyan 5 ba za ka iya ɓalle ta ka sayar ita kaɗai ba, kuma ranar da masu saye suka watse, ita ma ta bi su.

Mafi yawan gudwil ɗin AMD ya samo asali ne daga sayen Xilinx, wani kamfanin tsara cif, a watan Fabrairun 2022 a kan kusan dala biliyan 49. Girman adadin bai kamata ya tayar maka da hankali ba, domin a wannan sana'a abin da ake saye shi ne ƙwaƙwalwar injiniyoyi da zanen cif, har ma AMD ba shi da masana'antar kansa, kamfanin TSMC na Taiwan ne ke ƙera masa mafi yawan kayansa.

Inda nake so ka tsaya da kyau shi ne ƙa'idar lissafi. Tun 2001, kamfanonin da ke kasuwar hannun jarin Amurka ba sa rage gudwil kaɗan-kaɗan kowace shekara. Suna barinsa yadda yake, sai dai su gwada shi aƙalla sau ɗaya a shekara, idan ƙimar abin da suka saya ta faɗi su zaftare shi su rubuta asara. Zaftarewar ba ta fitar da ko sisi daga asusu, tunda kuɗin sun fita tun ranar ciniki, kuma shugabanni ba sa gaggawar amsa cewa sun yi sayen tsada. Saboda haka gogaggun masu zuba jari ba sa jiran sanarwa. Suna haɗa gudwil cikin jarin da aka kashe, sannan su duba ribar da jarin duka yake kawowa, su kuma tambaya ko an yi cinikin ne a lokacin da kasuwar cif take kan ganiyarta, domin kasuwa ce mai hawa da sauka.

Ga misali, kamfanin cif na Intel ya sayi wani kamfanin cif mai suna Altera a 2015 a kan dala biliyan 16.7, amma a 2025 da ya amince ya sayar wa kamfanin zuba jari na Silver Lake kashi 51 cikin 100, an yi wa Altera duka kuɗi dala biliyan 8.75 ne kawai. Kamfanin cif na Nvidia kuwa ya sayi Mellanox, mai yin kayan haɗa kwamfutoci da juna, a 2020 a kan kusan dala biliyan 7, kuma a yau wannan ɓangaren yana yin cinikin da ya zarce haka a shekara guda.

Ka kuma lura da yadda aka biya. AMD da hannun jarinsa ya biya kuɗin Xilinx, wanda ya rage kason tsofaffin masu jari amma bai ɗora masa bashi mai nauyi ba. A ganina wannan ya fi sauƙi a kan gudwil da aka ciyo bashi aka saya.

Kafin ka sa kuɗi, ka sa yaron ya buɗe rahoton shekara na AMD ya nemo sashen da suke kira Embedded, inda mafi yawan kasuwancin Xilinx yake. Cinikinsa ya sauka daga dala biliyan 5.3 a 2023 zuwa biliyan 3.6 a 2024, kuma a kan farfaɗowar wannan sashe ne za ka auna ko biliyan 24 ɗin nan tana tsaye da ƙafarta.