Tambaya da Amsa: Faifan Kwamfutar Kwaikwayo Ya Ɓace, Yaya Zan Ceto Sinafshot Ɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne mai kula da lissafi a wani ƙaramin injin gyaran shinkafa a Jega, jihar Kebbi. Manhajar da muke rubuta shigar shanshera da fitar buhuna a ciki tsohuwa ce, ba ta tashi sai a Windows 7, shi ya sa aka saka mana ita a kwamfutar kwaikwayo ta VirtualBox, wato kwamfutar da manhajar VirtualBox ke gudanarwa a cikin kwamfutarmu ta gaske. Babban fayil ɗin faifanta yana kan faifan waje da muke jonawa ta USB, kuma na ɗauki sinafshot uku tun daga lokacin. Makon jiya na jona filash kafin faifan, tun daga nan ta ƙi tashi, tana nuna VERR_PATH_NOT_FOUND. Wani mai gyara ya ce in cire ta, in ƙirƙiri sabuwa, in jona mata babban fayil ɗin. Shin lissafinmu zai dawo ta haka? Daga wani mai karatu a Jega.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah ka dakata da wannan shawara, domin ita ce hanya mafi saurin lalata abin da kake son cetowa, alhali bisa bayaninka babu abin da ya ɓace tukuna.

Ranar da ka ɗauki sinafshot na farko, wato ka adana yanayin kwamfutar don a iya komawa gare shi daga baya, VirtualBox ya daina rubutu a babban fayil ɗin nan mai ƙarewa da .vdi, ya buɗe wani sabo a foldar Snapshots, wanda sunansa doguwar lamba ce mai haruffa, kuma duk canjin da aka yi daga ranar a cikinsa yake sauka. Na biyu da na uku haka suka yi, kowanne ya hau kan wanda ya gabace shi. Kamar littafin bashi ne da aka rufe, aka koma rubuta ƙari da ragi a takardu daban: takardun ba su da ma'ana sai da littafin, shi kuma littafin shi kaɗai tsohon labari yake bayarwa. Saboda haka idan ka jona babban fayil ɗin ga sabuwar kwamfuta, Windows 7 zai tashi lafiya, amma zai nuna maka lissafin ranar sinafshot na farko. Abin da ya fi muni shi ne, in an riga an cire tsohuwar daga jerin kwamfutocin VirtualBox, sabuwar za ta fara rubutu kai tsaye a kan babban fayil ɗin, kuma tashi ɗaya ya isa ya sa sauran fayilolin su daina dacewa da shi. Ga kuma maɓallin Delete all files da ke fitowa wajen cirewa, wanda ke share sinafshot ɗin gaba ɗaya.

Abu na farko shi ne kwafi. Ka rufe VirtualBox, ka ba shi ɗan lokaci domin wani sashensa mai suna VBoxSVC yakan ci gaba da aiki na 'yan daƙiƙu, sannan ka kwafe foldar kwamfutar da ke cikin VirtualBox VMs, da babban fayil ɗin, zuwa wani faifai na daban. Ka yi hakan lokacin da batir yake cike ko janareta na aiki, don ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi na barin fayil rabi da rabi.

Ina kyautata zaton harafin faifan ne kawai ya canza. VirtualBox ya haddace cewa fayil ɗin yana E: misali, sai filash ta riga faifan karɓar harafin, Windows ya ba shi F:. Ka zare filash ɗin, ka buɗe Disk Management, sashen Windows mai kula da faifai, ka mayar wa faifan harafinsa na asali ta hanyar Change Drive Letter and Paths, sannan ka sake buɗe VirtualBox. In ba ka tuna harafin ba, ka buɗe fayil mai ƙarewa da .vbox da Notepad, ka nemi sashen MediaRegistry. A nan za ka ga layin babban faifan da adireshinsa bayan kalmar location, da layukan sinafshot jere a ƙarƙashinsa. Ana iya gyara adireshin a nan ma, muddin VirtualBox a rufe yake kuma ba a taɓa lambobin uuid ba, domin da su kowane fayil yake gane mahaifinsa. Kusa da shi akwai .vbox-prev, wanda ke riƙe da yadda tsarin yake kafin canji na ƙarshe.

Idan kuwa ka duba ka tarar an share babban fayil ɗin da gaske, to ka daina ajiye komai a faifan nan take, a gwada manhajar dawo da fayilolin da aka share, kamar Recuva ko TestDisk. A faifai mai juyawa akwai fata. A SSD fatan kaɗan ne, saboda umarnin TRIM yakan sa a goge gurbin da wuri. Amma ga wani abu da mutane da yawa ba sa lura da shi: tunda babban fayil ɗin ya daina canzawa daga ranar sinafshot na farko, duk kwafinsa da aka yi bayan ranar, ko da ya shekara, daidai yake da wanda ya ɓace, matuƙar ba a goge wani sinafshot an haɗe shi da shi ba. Kwafin da ya girmi sinafshot na farko shi ne abin tsoro. Akwai umarnin VBoxManage internalcommands sethdparentuuid da ke tilasta wa fayiloli su karɓi juna, sai dai lamba kawai yake daidaitawa, ba abin da ke ciki ba, kuma sakamakon yakan zama fayiloli masu buɗewa da gurɓatattun alƙaluma. Ga mai lissafin kuɗin jama'a, wannan ya fi rashin buɗewa haɗari, don haka kada a gwada shi sai a kan kwafi.

Da zarar ta tashi, ka duba shigar buhuna ta ƙarshe ka gwada da rasit ɗin hannu. In sun dace, ka kashe ta, ka zaɓi Clone, sannan Full Clone. Zaɓin Everything zai kwafe ta da sinafshot ɗinta uku, Current machine state kuma zai narkar da su ya ba ka faifai ɗaya mai cin gashin kansa. Ka yi duka biyun in akwai wuri, ka ajiye ɗaya a faifan da ba ya kwana a ofis.