Tambaya da Amsa: Masu murɗa baya ya yi ƙas, da gaske ƙashi suke mayarwa gurbinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, ya aiki ya ƙoƙari. Ni tela ne, shekarata 41 kuma na fi shekara 20 ina kan keke. Wata 8 kenan ina fama da ciwon ƙugu, in na daɗe a zaune sai in ji kamar an ɗaure min baya da igiya, balle lokacin ɗinkin sallah da muke kwana a shago. Maganin kemis na sha har na gaji. To ina yawan ganin bidiyo a TikTok na wasu turawa da suke kwantar da mutum su murɗa masa baya ko wuya ya yi ƙas ƙas, sai ka ga ya tashi yana murna wai ya warke, ana ce musu kairofurakta. Wai meye wannan aikin, ƙashi ne suke mayarwa kamar masu ɗori? Akwai wani a unguwarmu da ya ce ya iya, in je wajensa?

AMSA: Wa alaikumus salam malam, sannu, Allah ya yaye maka. Ni ɓangaren fisiyo nake, wanda mutanenmu ke kira gashin ƙashi, ni ba kairofurakta ba ne amma irin wannan murɗa bayan mu ma akwai shi a cikin aikinmu, kuma ciwon ƙugu irin naka shi ya fi kawo mana mutane. Na unguwarku dai kar ka je tukuna, karanta bayanin har ƙarshe sai ka ga dalili.

Wannan sana'a a Amurka aka fara ta, a garin Davenport na jihar Iowa, a shekarar 1895. Wanda ya ƙirƙiro ta sunansa Daniel David Palmer, kuma shi ba likitan asibiti ba ne. A cewarsa akwai wani mai shara a ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda ya daɗe ba ya ji sosai, sai ya lalubo wani ƙullutu a gadon bayansa ya danna da ƙarfi, wai sai jin mutumin ya dawo. Daga nan Palmer ya gina tunanin cewa kusan duk wata cuta, har ya ce kashi 95 cikin 100, daga gocewar ƙasusuwan gadon baya take, wai suna danne jijiyoyi sai saƙon jiki ya toshe. Ya buɗe makaranta a 1897, ɗansa B.J. Palmer kuma ya zo ya bunƙasa ta. Sunan ma daga yaren Girka aka haɗo shi, ma'anarsa aikin da ake yi da hannu.

To wancan tunanin na farko bincike bai tabbatar da shi ba. Kai ka duba ma labarin Lillard ɗin, jijiyar ji daga kunne take shiga ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai, ba ta sauko gadon baya ba balle a ce ƙashi ya danne ta a can. A Ingila hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista da kanta ta fito a 2010 ta ce babu hujjar bincike da ke nuna wannan "gocewar" ita ke kawo cututtuka. Shi ya sa yanzu za ka samu sun rabu gida biyu, wasu har yau suna kan maganar Palmer suna cewa za su magance asma da hawan jini da kukan jarirai da rashin haihuwa, wasu kuma sun tsaya iya ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, suna haɗawa da motsa jiki. Na biyun nan su nake ganin mutuncin aikinsu, kuma a gaskiya akwai masu ilimi sosai a cikinsu. A Amurka sai mutum ya yi kusan shekara 4 a makarantarsu bayan karatun jami'a na share fage kafin a ba shi lasisi, a nahiyarmu kuma Afirka ta Kudu ce aka sani da koyar da shi, a Durban da Johannesburg. Ba abu ne da ake koya daga kallon bidiyo ba.

Yanzu ka sa hannu a bayan wuyanka ka shafo ƙasa, waɗannan 'yan tudun da kake ji ƙasusuwa ne a jere kamar carbi. Bakwai a wuya, 12 a tsakiyar baya inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a ƙugu, sai na ƙasa da suka manne da juna har zuwa ɗan ƙashin wutsiya, gaba ɗaya ana lissafa 33. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifai mai taushi kamar matashi, shi ke shanye nauyi da girgiza. Ta tsakiyarsu laka ta wuce daga ƙwaƙwalwa, jijiyoyi tagwaye 31 suna fita ta gefe da gefe zuwa hannu da ƙirji da ƙafa. Sannan ta baya kowane ƙashi yana haɗuwa da na samansa da na ƙasansa ta wasu ƙananan gaɓoɓi guda biyu, hagu da dama, masu ruwa mai yauƙi a ciki irin na gwiwa da yatsu. Waɗannan ƙananan gaɓoɓin su ake nufa a murɗar nan.

Yadda ake yi a ƙugu kuwa, za a kwantar da kai ta gefe ɗaya a kan gado mai ɗan tauri, a miƙe ƙafar ƙasa a lanƙwasa gwiwar sama, mai aikin ya ɗora hannu ɗaya a kafaɗarka ɗayan kuma a kan kwatangwalo, sai ya dinga juya ka a hankali a hankali har ya ji gaɓar ta kai iyakar inda take zuwa da kanta. Sai ya ce ka ja numfashi ka sake, daidai lokacin da ka saki jiki sai ya ƙara ɗan dannawa guda ɗaya mai sauri, gajeriya ƙwarai. Nan ne kake jin ƙas ɗin.

Wannan ƙarar ba ƙashi ba ne ya koma gurbinsa. Iri ɗaya ce da wadda kake ji in ka ja yatsanka, gaɓar ce ta ɗan buɗe da sauri sai kumfar iska ta fito a cikin ruwan nan mai yauƙi, har an ɗauki hoton abin da na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, a jami'ar Alberta ta Kanada a 2015 ana jan yatsan mutum. Shi ya sa in yatsa ya yi ƙara sai ka jira kamar minti 20 kafin ya sake yi. Da a ce ƙashin gadon bayanka ya goce da gaske irin yadda kafaɗa ke gocewa, wallahi ba za ka zauna kan keke ka taka ba, wannan sai haɗarin mota ko faɗowa daga bene, kuma aikin tiyata ne na gaggawa. Kaga kenan ba ɗaya suke da mai ɗori ba, shi mai ɗori karaya da targaɗe da gocewar gaɓa yake kamawa, a nan kuwa babu abin da ya karye ko ya fita.

To me ya sa mutum ke tashi yana jin daɗi? Saboda abin yana aiki iya gwargwadonsa. Gaɓar da ta sanƙare tana samun motsi, naman da ya ɗaure a gefenta yana saki, kuma jijiyoyin wurin suna rage kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa na wani lokaci. Ga tsoro ma yana raguwa, mutumin da ya yi wata da watanni yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka sai ya ga ashe bayan nan zai iya juyawa bai karye ba. Binciken da aka tattara ya nuna ga ciwon ƙugu na yau da kullum sauƙin da ake samu matsakaici ne, kusan daidai da na motsa jiki ko tausa, bai fi su ba. Ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka ta sa shi a jerin abubuwan da za a gwada kafin a kai ga ƙwayoyi a 2017, a Ingila kuma ƙa'idarsu ta 2016 cewa ta yi a yi shi amma sai tare da motsa jiki, ba shi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum miliyan 619 na fama da ciwon ƙugu a 2020, ita ma a ƙa'idar da ta fitar a ƙarshen 2023 kan ciwon da ya daɗe ta yarda da shi a cikin sauran hanyoyi, amma ta hana ɗaura bel ɗin baya da kuma shan ƙwayoyi masu sa maye, su tramol kenan. Mai bidiyo yana nuna maka minti ɗaya bayan an gama, ba ya nuna maka mutumin bayan sati biyu ya koma kan kujerar da ta jawo masa ciwon.

Sai maganar wuya, a nan nake so ka buɗe kunne da kyau. Akwai jijiyoyin jini guda biyu da suke bi ta cikin 'yan ramukan ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa. An samu mutanen da bayan an fizge musu wuya bangon jijiyar ya tsage ta ciki, jini ya daskare, suka samu shanyewar ɓarin jiki, cikinsu har da matasa. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma masana na ta muhawara ko murɗar ce ke jawowa ko dama tsagewar ce ta fara ta kawo ciwon wuyan da ya kai mutum wajen, amma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka a 2014 ta ce a dinga gaya wa mutum wannan haɗarin kafin a taɓa shi. Ni dai ba na fizgar wuyan kowa, akwai hanyoyi masu taushi da ke bada sauƙi iri ɗaya. Kuma masu aski da ke murɗa wa mutum wuya bayan an gama aski a matsayin kyautatawa, don Allah ka ce musu a'a.

Abin da ya fi damuna da na unguwarku ba hannunsa ba ne, rashin sanin wanda bai kamata a taɓa ba ne. Ba zan manta da wani saurayi da aka kawo mana a kan tabarma ba, wata uku yana ciwon tsakiyar baya yana ramewa yana gumin dare, aka kai shi wajen wani aka kwantar da shi rub da ciki aka hau bayansa aka tattaka wai za a mayar da ƙashi. Da aka yi hoto ashe tarin fuka ne ya ci ƙashin bayan har ya fara rubzawa, ya zo ƙafafunsa biyu ba ya iya ɗagawa. Mahaifiyarsa tana zaune a ƙasa gefen gadon riƙe da silifas ɗinsa tana tambayata ko zai sake takawa. Tibi, wato tarin fuka, na ƙashin baya yana nan a ƙasarmu, kuma magani ne na watanni yake warkar da shi in an gano da wuri.

Don haka kafin kowa ya murɗa ka ka tambayi kanka: akwai zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko gumin dare, ko ciwon da ke tashinka daga barci ko ya ka kwanta? Ƙafa tana rasa ƙarfi ko kana jan ta, ko silifas na zamewa ba ka sani ba? In akwai ko ɗaya daga cikin waɗannan, kar a murɗa ka sai likita ya duba. In kuwa ka ji tsakanin cinyoyinka da mazaunai sun dindiris kamar ba naka ba, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ka iya riƙewa, wannan asibiti ne a ranar ba gobe ba, jijiyoyin ƙasan laka ne aka matse kuma jinkiri na iya barin mutum da lalurar har abada. Haka mai sikila, da mai tarihin ciwon daji, da tsoho ko tsohuwar da ƙashinsu ya yi rauni, da mai shan maganin tsinka jini, da wanda bai daɗe da yin haɗari ko faɗuwa ba, duk ba a yi musu wannan dannawar mai ƙarfi. Kuma tunda ka ce ka daɗe kana shan na kemis, ka duba ko irin haɗin nan ne da ake ƙullowa a leda, sau da yawa akwai su prednisolone ko dexamethasone a ciki, su kuwa in an daɗe ana sha suna cinye ƙarfin ƙashi, su diclofenac kuma ga gyambon ciki ga taɓa ƙoda. Ka tafi da ledar maganin ka nuna wa likita.

Daga yadda ka kwatanta, ciwon da ke zuwa da dogon zama kuma yana ƙaruwa lokacin da aiki ya yi yawa, ya fi kama da ciwon ƙugu na yau da kullum, amma sai an duba ka ido da ido za a tabbatar. Ka je sashen fisiyo na babban asibitin da ke kusa da kai, in kana wajajen Kano akwai asibitin ƙashi na Dala. Kar ka damu in ba a tura ka hoto ba, yawancin irin wannan ciwon ba ya buƙata, kuma mutane da yawa da ba sa jin ciwon komai in an yi musu MRI za a ga faifan ya ɗan bulluƙo. In kuma ka haɗu da wanda ya ce shi kairofurakta ne a Najeriya, ka nemi ganin rajistarsa da hukumar MRTB, ita ke yi wa mu 'yan fisiyo da su rajista. Na ƙwarai zai zauna ya yi maka tambayoyi, ya gwada ƙarfin ƙafarka da jin fatarka kafin ya taɓa bayan, zai ba ka motsa jikin da za ka yi a gida, kuma in an yi zuwa huɗu zuwa shida ba canji zai ce a sake lale. Wanda ya ce ka biya kuɗin zuwa 30 tun farko, ko ya ce ka daina maganin hawan jininka, ka ɗauki hularka ka fita. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan an yi ba komai ba ne, ana samun haka.

Shagon kuma shi ne inda aikin yake. Na san yadda kuke zama, benci ko kujerar roba ba majingina, kai a sunkuye kan allura, ƙafa na taka keke awa biyar shida ba tashi. Ka samu kujera mai majingina wadda tsayinta zai sa gwiwar hannunka ta yi daidai da teburin keken, ka naɗe tawul ko ragowar yadi ka sa a lanƙwasar ƙugunka, ka jawo fitila kusa da allura don ka rage sunkuyo. Duk minti 30 zuwa 40 ka miƙe, ka dafa ƙugu da hannu biyu ka ɗan gantsare baya sau biyar zuwa goma, yanka da guga kuma ka dinga yin su a tsaye tsakanin ɗinki da ɗinki maimakon ka tara su sai dare. Ka dinga tafiyar ƙafa ta minti 20 zuwa 30 kullum, bayan asuba ko bayan la'asar, ka fara da abin da za ka iya. In ciwon ya motsa ka gasa wurin da tawul mai ɗumi, kar ka kwanta kwana da kwanaki don kwanciyar ƙara sanƙarar da bayan take yi. Ka riƙe wannan sati shida tare da abin da za a ba ka a asibiti, sannan ka sake rubuto min ka gaya min awa nawa kake iya yi a kan keke kafin igiyar nan ta fara ɗaure ka.